Gwaten Acca Da Sanyin Safiya A Jos Jarawa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ya sa mutanen garin ba su wasa da karin kumallo ba. Garin a bisa tudu yake, tsayinsa daga bakin teku ya kai wajen ƙafa 4,000, watau mita 1,200 da 'yan kai. Idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 11 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Bakano ko Basakkwace wanda ya saba fita da taguwa ɗaya, in ya biyo hanyar Zariya ta Pambeguwa da Saminaka, tun daga Jengre zai fara laluben mayafi a jakarsa. A irin wannan wuri ɗan kunu tsararo ba ya fitar da magidanci daga ɗaki. Sai an samu abu mai tururi, mai nauyi, wanda zai zauna a ciki har azahar.

Na yi kwana huɗu a Jos Jarawa, a gidan iyayen wani abokina da muka yi makaranta tare. Unguwar tana gabashin gari, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, gidaje sun hau kan duwatsu sun sauka, daga nesa kuma ana hango duwatsun Shere. Sunanta ya samo asali ne daga mutanen da Hausawa suke kira Jarawa, ko Jarawan Dutse, don a bambanta su da Jarawan ƙasar Bauchi. Su kuwa da bakinsu Afizere suke kiran kansu, harshensu kuma Izere. 'Yan uwansu suna nan a Fobur da Federe da Fursum da Maigemu cikin Jos ta Gabas, wasu kuma a ƙasar Toro ta Jihar Bauchi. Yau dai unguwar ta tara kabilu iri-iri, kuma Hausa ce ake ciniki da ita, da ita ake gaisuwa a bakin famfo, a majami'u da yawa ma da ita ake waƙa. Gaisuwar safe a can ba ta cika sai an haɗa da tambayar sanyi.

Abincin safen da ya fi kowanne daraja a gidan da na sauka shi ne gwate, wanda wasu suke cewa gwote. Mutanen Zazzau da Kano za su ce ai fate ne. Lalle 'yan uwan juna ne, amma akwai bambanci, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Na farko, gwaten gargajiya na Filato ba a zuba masa mai, ko manja ko man gyaɗa. Na biyu, ko da yake ana yin sa da tsakin masara, asalinsa da acca ake yi, kuma duk wanda ya ɗanɗana na acca zai ga na tsaki kamar baƙo ne ya ari rigar mai gida.

Aikin gwaten safe tun da yamma yake farawa. Uwargidan, wadda kowa a gidan yake kira Mama, har ni da na zo baƙunta, takan zauna a tsakar gida da ƙwarya biyu da bokitin ruwa tana rege acca. Ƙwayar acca ƙanana ce ƙwarai, kusan girmanta ɗaya da yashi, har an auna an ga giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 2,000. Saboda haka rariya ba ta raba ta da yashi, bakace ma ba ya yi. Sai dai a zuba ta a ruwa, a riƙa kaɗa ƙwarya a hankali ana tsiyayar da acca cikin ɗaya ƙwaryar, yashin da ya fi nauyi ya kwanta a ƙasa, a zubar, a sāke. Na ƙirga ta yi haka sau bakwai a mudu ɗaya. Ta ce mini, cikin raha, a da da wannan ake gane amaryar da ta samu tarbiyya, domin in miji ya tauna yashi a loma ta farko, to, magana ta ƙare, dangi duk za su ji.

Da asuba sai a ɗora tukunya. Ana fara tafasa ƙashi, musamman ƙashin ƙirjin sa mai guringuntsi wanda ake iya taunewa, in babu shi a sa busasshen kifi. A zuba albasa da attaruhu da daddawa. Waɗansu sukan fara dafa wake kaɗan a ciki. Sa'an nan a daka ɗanyar gyaɗa a zuba, ita ce take tsayawa a madadin mai. Bayan haka sai gauta, irin ƙananan nan masu ɗaci, a farfasa su a jefa. Idan ruwa ya ɗauki ɗanɗanon duk waɗannan, sai a riƙa barbaɗa acca da hannu ɗaya ana juyawa da muciya da ɗaya hannun, don kada ta yi gudaji. Acca ba ta da taurin kai a wuta, cikin 'yan mintoci ta kumbura. Ganye shi ne na ƙarshe: alayyafo da yawa, da yakuwa gwargwadon yadda mutanen gida suke son tsami, da ganyen albasa. Ba a barinsu su daɗe, ana so a sauke suna kore shar.

Abin da yake fitowa daga tukunyar nan yana tsakanin kunu da tuwo, da ludayi ko babban cokali ake sha. Tsamin yakuwa da ɗacin gauta da garɗin gyaɗa suna haɗuwa ta yadda ko wanda zazzaɓi ya kashe wa baki zai iya shanye kwano. Shi ya sa ake yi wa mai jego da marar lafiya. Berom, waɗanda su ma ma'abota wannan abinci ne, tere suke kiransa. Ban shiga gardamar wace kabila ce ta fara shi ba, domin a Jos tambayar wa ya riga wa ba ta tsaya a kan tukunya kaɗai ba, ta sha jawo abin da ya fi ƙarfin cokali.

Ranar da ba a yi gwate ba akan dama kunun acca, a sa tsamiya ko a zuba madara, ko kuma kunun tamba, wanda ya fi duhu, ya kuma fi riƙe ciki. Tsofaffi sun fi son na tamba. Ana kuma dafa acca sako-sako kamar shinkafar da ta sha ruwa, a bari ta huce, a zuba kindirmon da matan Fulani suke kawowa gari.

Ita accar nan tsohuwar shuka ce a Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har zuwa nan, kuma ƙasar Gini ce ta fi kowa noma ta a duniya, Nijeriya tana cikin na gaba-gaba. A wajenmu Filato da kudancin Kaduna da wani yanki na Bauchi su ne gidanta. Tana da ƙanwa mai duhun launi da ake kira iburu. Turawan mulkin mallaka sun raɗa mata sunan raini, wai shinkafar mayunwata, alhali kuwa abin da suka gani shi ne tana nuna da wuri, tana ceton gida a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa da gero ba su iso ba. Tana fitowa a ƙasa mai tsakuwa wadda masara za ta ƙi, ba ta neman taki mai yawa. Watsa ta ake yi da damina ba shuka rami-rami ba, a yanke da lauje, a tara dami, a sussuke. Wahalarta duk tana bayan girbi: surfe a turmi sau da yawa, sheƙa, sa'an nan regen da na ambata. Wannan kuwa duk a wuyan mata yake.

Ranar Asabar da Lahadi tsarin yakan sauya. Ba a gaggawar makaranta ko ofis, saboda haka karin kumallo yakan ja har hantsi ya haɗe da abincin rana. Turawa suna da suna na musamman da suke kiran irin wannan ci, mu dai abincin hantsi muka sani. A gidajen Kirista, ran Lahadi akan sha shayi kawai a tafi sujada, in an dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai a zauna a ci na sosai. A nan ne dankalin Turawa yake karɓar fage. Mutanen Jos ba su ma wahalar da bakinsu da dogon suna, Arish kawai suke cewa. A fere shi a yanka a soya, a yi masa miyar ƙwai da tumatir da albasa da koren tattasai, a yanka kabeji da karas a gefe. Ko kuma a yi fatensa da ganye da kifi. Abin da a Legas ko Abuja sai a babban otal ake ajiye wa mutum da wuƙa da cokali mai yatsu, a Jos Jarawa yaro ne yake ci a kwanon roba yana zaune a kan dutse.

Yadda aka yi haka kuwa tarihi ne na kuza. Tun farkon shekarun 1900 Turawan Kamfanin Neja suka hau tudun nan neman kuza, cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, cikin 1915 aka tsara Jos a matsayin gari, cikin 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Turawan ma'adinai da na mishan sun tarar da iska irin ta ƙasarsu, sai suka shigo da irin abin da suka saba ci. Dankalin da asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu yake, ya bi ta Turai, ya zo ya samu wurin zama a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnati ta ƙarfafa nomansa don ciyar da soja. Yau mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa, akwai ma tashar bincikensa a Kuru. Har wa yau, manyan ramukan da masu haƙar kuza suka bari sun cika da ruwa sun zama tafkuna, kuma da su da kogin Dilimi ake ban-ruwan lambunan rani. Kabejin da ke gefen farantin nan, watakila ruwan tsohon ramin kuza ya sha. Haƙar ta lalata gonaki masu yawa, ta kuma bar ramukan da suke cin mutane da dabbobi, ba za a ce wannan ɗan amfani ya biya wancan hasara ba.

Kuzar nan dai ita ce ta kawo kashi na uku na abincin safen Jos. Leburori da 'yan kasuwa sun kwararo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno, wasu da ƙafarsu, wasu kuwa ba da son ransu ba. Cikin 1942, bayan da Japan ta kama Malaya mai arzikin kuza, aka kafa aikin tilas wanda ya ci gaba har 1944. Dubban mutane aka ɗebo daga lardunan Arewa, da yawansu sanyi da ƙarancin abinci suka kashe su a barikoki. Waɗanda suka zauna, da matan da suka biyo su, su ne suka kafa tanda da kaskon suya a garin. Daga nan koko da ƙosai da masa da fanke suka zama na Jos, kamar yadda alala da sauran abincin Yarabawa da Ibo suka biyo layin dogo. Masar Jos, ta shinkafa, mai laushi, wadda ake ci da miya ko yaji ko sukari, ba ta jin kunyar tsayawa kusa da ta Bauchi.

A nan ne maganar take da ɗaci fiye da gauta. Abokina ya tuna mini cewa suna yara, da sassafe ake ba su kwano a aike su unguwar Hausawa sayen masa da ƙosai, su kuma 'ya'yan can su hauro neman acca da ganye. Rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 wanda ya tashi a wajajen Nasarawa Gwom da Dutse Uku, maƙwabtan Jos Jarawa, sun raba garin unguwa-unguwa bisa addini. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa yake haɗuwa da kowa, ta ƙone cikin Fabrairu 2002. Iyaye suka daina aiken yara ƙetaren wasu tituna. Matan unguwar da yawa sai suka koyi yin masa da awara da kansu, suka kafa tanda a ƙofar gida. An samu sana'a, gaskiya ne, amma an rasa dalilin da yake sa yaro ya san sunan uwar wani, ya durƙusa ya gaishe ta kowace safiya.

Abin mamaki, kayan tukunya ba su san da wannan iyaka ba. Je kasuwar Farin Gada da sassafe ka gani. Manomin Berom ko Mwaghavul ko Ron ya kawo dankali da kabeji, dillali Bahaushe ya tsaya a tsakani, albasa ta zo daga ƙasar Sakkwato da Kabi, mahauci ya kawo ƙashin da za a sa a gwate daga sa na Bafulatani. Matar da ba za ta yarda ta kwana a unguwar mai sayar mata da albasa ba, shekara goma tana saye a wurinsa, har bashi yana ba ta. Gwaten da na sha a gidan nan, da za a bi kowane abin da ke ciki zuwa hannun da ya fito, da an tara mutanen da rabonsu da zama a tabarma ɗaya an daɗe.

To, amma shi kansa gwaten yana ja da baya, kuma wannan ne ya fi damuna. Cikin kwana huɗun da na yi, na lura yaran maƙwabta da suke wucewa makaranta, abin da ke hannun yawancinsu burodi ne, ko kuma an dafa musu Indomie cikin minti biyar. Ba laifin iyayensu mata ba ne. Matar da za ta kama motar haya ƙarfe bakwai zuwa wurin aiki ko kasuwa, yaushe ta ga lokacin rege acca sau bakwai? Ga gawayi da gas sun yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, tukunyar da za ta yi awa guda a wuta kuwa sai an yi lissafi. Akwai kuma Cornflakes na kamfanin NASCO, wanda aka kafa a nan Jos cikin 1963, ga mai hali. Ni dai a sanyin Jos ban ga hikimar zuba madara mai sanyi a kan abu mai ƙaras-ƙaras a kira shi karin kumallo ba, amma yara suna so, kuma ba ya cin itace.

Sa'an nan ita accar ma ta fara fin ƙarfin masu ita. Tun da labari ya bazu cewa ta dace da masu ciwon sukari, kuma ba ta da sinadarin nan na alkama da yake damun cikin wasu mutane, sai manyan birane suka farga da ita. Ana ɗura ta a leda mai ado a kai manyan kantunan Abuja da Legas. Cikin 2018 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da ita a ƙasashenta, a Amurka ma wani mashahurin mai dafa abinci ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya yi mata kasuwa. Abin farin ciki ne manomi ya samu mai saye. Sai dai a kasuwannin Jos yanzu mudun acca wankakkiya ya fi na masara tsada nesa ba kusa ba, sau da yawa har ya kan zarce na shinkafa. Saboda haka gidaje da yawa sun koma gwaten tsaki, acca sai ran biki ko in an yi baƙo. Shinkafar mayunwata ta zama abincin masu kuɗin da likita ya hana su tuwon shinkafa.

Gonakin ma ba su zauna lafiya ba. Hare-haren da aka kai ƙasar Mangu cikin 2023, da na Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na wannan shekara, sun kashe mutane masu yawa, sun kori wasu daga ƙauyukansu, kuma waɗannan wurare su ne rumbun dankali da masarar jihar. Ga cutar nan da take ƙone ganyen dankali da damina, wadda ta sha cinye gonaki. Abin da ya faru a ƙauye, bayan 'yan makonni sai ya bayyana a farantin yaro a Jos Jarawa, yankan dankali ya ragu, ƙwai biyu su koma ɗaya.

Mun taɓa ganin abin da dogaro da alkamar waje yake jawowa. Cikin 1987 Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, har aka janye dokar cikin 1992. Har yanzu kuwa kusan duk alkamar da ake yin burodi da taliya da ita daga waje ake sayo ta, da kuɗin waje. Ga hatsi a bayan gida wanda yake fitowa a kan tsakuwa, abin da ya hana shi shiga tukunya kowace safiya bai wuce surfe da yashi ba. Wannan kuwa matsala ce da aka riga aka samo maganinta. Tun farkon shekarun 1990 wani malamin makarantar sana'a a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfen acca wanda yake yin aikin sa'o'i cikin mintoci. Ana samun irin waɗannan injuna jefi-jefi a Filato, amma ba su kai yawan injin markaɗe da ke kowane lungu ba. Da Ma'aikatar Gona ta Jihar da ƙananan hukumomi za su taimaka wa ƙungiyoyin mata da su, su kuma koya wa manoma sussuka a kan tamfol ko daɓen siminti maimakon ƙasa, da rabin yashin bai shiga ba tun farko. Wannan bai kai kuɗin shatale-tale ɗaya ba.

Mai niyyar zuwa Jos don ya ɗanɗana, shawarata ita ce ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da sabuwar acca ta shigo kasuwa, ganyen lambu kuma ya wadata. Akwai gidajen abinci da suke sayar da gwate, amma yawancinsu na tsaki ne, wasu har da ɗan mai don jan hankalin baƙi, don haka ya nemi wanda zai kai shi gida. In an miƙo masa kwano kada ya nemi nama a ciki, ƙashi ne zai samu, kuma taune shi ake yi. In kuma zai yi tsaraba, ya tambayi mai sayarwa ko wankakkiya ce, sa'an nan kada ya tsaya a kan amsarta. Ya ɗebi kaɗan da yatsu biyu ya sa a baki ya tauna da haƙoran gaba, kamar yadda matan Jos suke yi kafin su kwance bakin zani su biya.